Imel ya ƙi hawa kwamfuta? Duba nan kafin ka ɗora wa netwok laifi

Da 'yan kasuwarmu na Agege ko Mile 12 sun kawo mini kwamfuta, maganar ɗaya ce: "Malam, imel ya ƙi, ina jin netwok ne." In dai burauza tana buɗe shafuka, yawanci netwok ba ruwansa. Sau da yawa kuskuren yana cikin gurabun da ka cike da hannunka a manhajar imel, wato Outlook ko Thunderbird.

Fara da gurbin sunan mai akwati. Cikakken adireshi ake sawa, har da @ da abin da ke bayansa.

Sai kalmar sirri, inda mutane suka fi shan wahala. Kana da tabbacin daidai ka rubuta, amma manhaja ta yi ta dawo maka da tambaya. Ba mantuwa ka yi ba. Tun Mayun 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirrin Gmail kai tsaye daga irin waɗannan manhajoji, Microsoft ma ya bi sahu a Outlook.com cikin Satumban 2024. Ko dai ka zaɓi OAuth2, wato hanyar shiga da ke buɗe maka shafin Google ko Microsoft ka amince, ko ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail ka ciro kalmar sirri ta manhaja, mai haruffa 16. Tsohon Outlook da aka loda maka a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, yakan rasa OAuth2. Ni dai Thunderbird nake sa wa mutane, kyauta ce.

Lambar ƙofa (port) da manhaja ke bi ta isa saba, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe da imel ɗinka, da nau'in tsaro kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, tare suke tafiya. Wajen karɓar saƙo hanya biyu ce: IMAP, ƙofa 993 da tsaron SSL/TLS, ko POP3, ƙofa 995 da SSL/TLS. Wajen aikawa, wato SMTP, 587 da STARTTLS ko 465 da SSL/TLS. Ka haɗa 587 da SSL/TLS, sai ta yi ta juyi har ta gaji. Ƙofa ta 25 rabu da ita, sau da yawa a toshe take.

Saƙo na shigowa amma ba ya fita? Sabar aikawa ma tana son suna da kalmar sirri, kai kuma ba ka kunna wannan zaɓin ba.

Wani abin da ba a kawowa a rai shi ne agogo. Kwamfutar tokunbo takan zo da mataccen batirin agogo, ɗan ƙaramin nan CR2032. Da NEPA sun ɗauke wuta, kwanan wata ya koma shekarun baya, manhaja ta ce takardar shaidar saba ba ta da inganci. Gyara lokaci zuwa na Afirka ta Yamma, ka sauya batir.

In waya ma tana karanta akwatin nan, zaɓi IMAP. POP3 yakan kwashe saƙonni ya goge su daga saba, sai ka nemi rasit ɗin kwastoma a waya kana tsakiyar kasuwa ka tarar yana can cikin kwamfutar shago.