Yadda Za Ku Sa Mita Ta Riƙa Faɗa Muku Inda Wutarku Ke Tafiya

Takardar kuɗin wuta ta ƙarshen wata ba ta koya wa kowa komai. Kafin ta iso an riga an sha wutar, kuma ba mai tuna ranar da aka bar hita a kunne har ruwa ya ƙone. Abin da ke gyara hali shi ne mutum ya ga lamba tun bai manta abin da ya kunna ba. Nazarin da Sarah Darby ta Jami'ar Oxford ta fitar a 2006 ya nuna cewa gidajen da ke ganin abin da suke sha nan take sukan rage kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari.

Ku fara da sanin yunit. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Butar lantarki mai wat 2,000 za ta cinye shi cikin rabin awa, alhali ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 yana ci. Yawancin na'urori suna ɗauke da adadin wat ɗinsu a jiki, ku juya bayansu ku duba.

Sai ku samu ɗan littafi. Kowace safiya, a lokaci guda, ku rubuta lambar da ke kan mita, ku fitar da bambancinta da ta jiya. Makon farko kada ku canza komai, kallo kawai za ku yi.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne gwajin dare. Ku karanta mita kafin a kwanta, ku sake karantawa da wayewar gari. Abin da ya tafi a tsakani rabon firji ne da fanka, da talabijin da dikoda da aka kashe da rimot amma aka bari a soket. Nan ne ɓarnar da ba a gani take ɓuya. Idan adadin ya yi yawa, ku duba robar ƙofar firji, wataƙila ta saki.

Daga nan ku riƙa canza abu ɗaya tak a mako, don ku san wanda ya kawo ragin. Ku fara da masu zafafawa da masu sanyayawa: hita, dutsen guga, na'urar sanyaya ɗaki. Su ne manyan maciya.

Kada littafin ya zauna a aljihun maigida. Ku manna lambar mako inda kowa zai gani, ku ɗora wa ɗaya daga cikin yara aikin rubuta lambar mita kowace safiya.