Kafin ka canza sensar iska a injin turbo

'Yan uwa masu ƙara wa turbo ƙarfi, ku kula da sensar MAF. Aikinta auna nauyin iskar da injin ke shaƙa, kwamfutar mota kuma da wannan take lissafin mai. Saƙon da yawancinsu ke aika wa kwamfuta ba ya wuce volt 5. In iska ta fi ƙarfin ma'auninta, sai kwamfuta ta daina ganin ƙarin, mai ya gaza, fistin ya yi zafi. Nan ake asarar inji.

A ganina, ta asali irin Bosch ko Denso ta fi kwaikwayo mai araha, domin na araha sukan yi ƙarya a karatu. In ka sa ta cikin bututu mai faɗi, dole a sake saita kwamfutar, in ba haka ba mai zai yi kaɗan. Kuma wayar da take auna iska da ita siririya ce fa: man da ke jikin wasu filtocin iska yana ɓata ta.

Ga mai matsin turbo sosai, sensar MAP (mai auna matsin iskar da ke shiga inji) wadda ke kai bar 3 a ma'aunin matsi ta fi dacewa, tana karanta kusan bar 2 na matsin turbo, sauran bar 1 na iskar waje ne. Kowacce ka zaɓa, gwada da wideband (na'urar auna haɗin iska da mai a hayaƙin salansa) kafin ka taka sosai.