Kurakuran da aka fi yi wajen juya majinyaci da tayar da shi

A asibitocin Garwa da Marwa, kamar yadda yake a sauran garuruwan arewacin Kamaru, 'yan uwan majinyaci ne ke kwana a gefen gadonsa, su juya shi, su zaunar da shi, su kai shi banɗaki. Yawancin kurakuran da ake yi tausayi ne ke jawo su, kuma alhakin koyar da masu jinya yana wuyan ma'aikacin jinya tun ranar da aka ba majinyaci gado.

Kuskure mafi yawa shi ne barin wanda ba ya iya motsi a kwance wuri ɗaya don kada a dame shi. Nauyin jiki yana matse fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina isa wurin, sai gyambo ya ɓullo a ƙasan baya, ko a ƙugu, ko a dunduniya, ko a ƙeya. Ya kamata a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, a karkatar da shi kimanin digiri 30 da matashin kai a bayansa maimakon a ɗora shi a kan ƙashin ƙugu, a sa wani matashin tsakanin gwiwoyinsa, wani kuma a ƙarƙashin ƙwaurinsa domin dugadugansa su tashi daga katifa.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Littattafan koyarwa da yawa suna cewa a duba ko fata ta yi ja, alhali a jikin baƙar fata jan ba ya cika bayyana, don haka mai jiran ganinsa yakan makara. A lura da wurin da ya fi kewayensa duhu, a kuma taɓa shi da hannu a ji ko ya yi zafi, ko tauri, ko kumburi. Idan an samu haka, kada a murza wurin da mai, domin murzawar tana ƙara lalata naman da ya riga ya raunana. A ɗauke masa nauyi kawai, a sanar da ma'aikacin jinya. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, gumi a kan katifa mai leda yana jiƙa fata har ta yi saurin saɓulewa, saboda haka a riƙa sauya zanin gado, a kuma miƙe shi ya zama babu tattara.

Jan majinyaci ta hammata don a mayar da shi saman gado shi ma yana cutarwa, domin yana gurje fatar baya, kuma ga mai shanyewar ɓarin jiki yana iya gocar da kafaɗar da ta shanye, ya bar shi da ciwo na watanni. Mutum biyu su kama zanin da ke ƙarƙashinsa, su ƙidaya tare, su ɗaga shi, suna lanƙwasa gwiwa ba gadon baya ba.

Wanda ya daɗe a kwance kan ji jiri idan aka miƙar da shi farat ɗaya. A zaunar da shi a bakin gado na 'yan mintoci, ƙafafunsa a ƙasa, a gaya masa abin da za a yi. Idan za a ɗora shi a keken guragu, a ajiye keken a ɓangaren jikinsa da yake da ƙarfi, a danne birki, kuma kada a bari ya rataya hannuwansa a wuyan mai taimakonsa. Idan ya sulale, a raka shi ƙasa a hankali ana kare kansa.

Shi kuwa wanda ya yi haɗarin babur kuma ake zaton ya ji rauni a wuya ko ƙashin baya, kada a zaunar da shi ko a naɗe shi cikin mota. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, aƙalla wasu uku su juya jikin gaba ɗaya, kuma mai riƙe da kan ne ke ba da umarni.