Yadda ake saita rediyon intanet mai alam

'Yan uwa kun dame ni da tambaya tunda na ɗora hoton rediyon da na sayo a Babbar Kasuwar Katsina, to ga yadda nake yi.

1. Jona ta a wuta ka kunna.
2. Shiga saitin, zaɓi sunan wayfay ɗinka ko hotspot na waya.
3. Sa fasuwod a hankali. Hattara, yawancin rediyoyin nan wayfay mai 2.4GHz kaɗai suke gani, in naka na kan 5GHz ko alamarsa ba za ta gani ba.
4. Zaɓi lokaci GMT+1. Nan mutane ke kuskure, in suka bar shi a GMT sai alam ta makara da awa ɗaya.
5. Nemo tashar da kake so, ni dai BBC Hausa ta ƙarfe 6:30 na safe ce tawa.
6. Ajiye ta a maɓalli na 1.
7. Shiga alam, sa lokaci, zaɓi tashar.
8. Sa alam na biyu kan ƙararrawa saboda Asuba, don in data ta ƙare ko aka ɗauke wuta mifi (ƙaramar na'urar da ke ba da wayfay) ya mutu, tashar ba za ta zo ba wallahi.

Data kuma, tasha mai 64kbps na cin kusan 29MB a awa.