Idan za ku je gidan makoki

'Yan'uwa cikin Almasihu, ga shawara ga masu zuwa ta'aziyya, musamman Zumuntar Mata da matasa.

Kada ku isa da wa'azi a baki. Abokan Ayuba uku sun zauna tare da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan (Ayuba 2:13). Sai da suka shiga tonon dalilin wahalarsa suka ɓata lamarin. Ku gaisa, ku zauna, minti 20 zuwa 30 ya isa. Romawa 8:28, ayar da ta ce kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, gaskiya ce, amma uwar da ta binne ɗanta jiya ba za ta iya ɗaukarta ba tukuna, za ta ji kamar ana raina zafinta. Gara ku karanta mata Zabura 13, aya 6 ce kacal, ta fara da kuka ta ƙare da dogara. In ta ce Allah ya manta da ita, kada ku tsawata mata, da wannan kukan Dauda ya buɗe zaburar. Yesu ma ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi.

Inda muke kasawa shi ne bayan mako 2, an kwashe kujeru, baƙi sun watse. Ku raba kwanaki, mutum biyu-biyu, har wata 3. Ku riƙe mudun shinkafa ko masara, ku tambayi kuɗin makarantar yara. In mai makokin ta daina cin abinci ko tana maganar kashe kanta, ku sanar da fasto, a kai ta asibiti a ranar.