Motar da ke da suna biyu, ɗaya ya rasu ba wasiyya

Salamu alaikum 'yan uwa. Bayan rasuwar ƙanin babanmu a Aboabo ta ƙasar Ghana, motar da suka yi rajista shi da yayana ta kusa raba zumunci, shi ya sa na ce bari in faɗa muku abin da muka koya.

Ranar sadakar uku wani ya zo da mai saye. In hakan ta same ku, kada ku yarda a sayar da motar. Ku ajiye makulli da takardun mota wurin dattijo ɗaya da kowa ya amince da shi. A karɓo takardar shaidar mutuwa, sannan a nemi takardar kula da gado a kotu, don da ita hukumar rajistar motoci, wato DVLA, za ta canza suna. Ko da malam ya raba gado bisa shari'a kuma kowa ya gamsu, ofis takardar kotu yake nema.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: dokar gado ta 1985, PNDCL 111, ta lissafa motar hawa cikin kayan gida, waɗanda ke zama na mata ko miji da 'ya'ya. Trotro (bas ɗin haya) ko tasi da ake haya da ita zalla kuwa ba ta cikin wannan lissafi, tana shiga sauran dukiya.

Wanda ke raye cikin masu motar kuma ya tanadi shaidar kuɗin da ya zuba, ko rasit ko saƙon MoMo (tura kuɗi ta waya). Yayana tsohon rasit ɗin da ke cikin aljihun motar ne ya cece shi. Ku duba inshora ma kafin kowa ya hau titi da ita.