Yadda Na Gyara Zanen Cigaban Ɗalibai a R

Na ƙirƙiro makin ɗalibai 200 na gwaji a manhajar R ta nazarin alƙaluma, kowanne da jarrabawa 10, don in ga yadda ƙwazonsu zai riƙa hawa. Da rnorm, umarnin da ke fitar da lambobi barkatai, na ba kowane ɗalibi mafarinsa da saurin hawansa. Amma da na zana da ggplot2, kayan aikin zane na R, sai sanduna goma a tsaye suka fito kamar shingen kara, babu layin ɗalibi ko ɗaya da ido zai bi.

Kwana biyu ina zargin lissafina. Ashe geom_line, umarnin zana layi, shi ne bai san makin wane na wane ba. Ina saka group = dalibi a cikin aes, inda ake gaya wa ggplot2 yadda zai tsara bayanan, layuka 200 suka bayyana.

Sai kuma wata ta taso, wadda ta fi damuna domin tana iya yaudarar mai karatu. Kowane layi ya yi tsalle sama a mataki na biyu, sannan ya faɗo, kamar yaran sun gane karatu dare ɗaya sun manta. Da na ƙura ido ƙasan zanen, na ga 1, 10, 2, 3. An adana lambar jarrabawar a matsayin rubutu, shi ya sa 10 ta shige gaban 2. Na juya ta zuwa lamba da as.numeric, tsallen ya ɓace.

Layukan sun cunkushe, sai na rage kaurin launinsu da alpha = 0.2, na ɗora jan layin matsakaicin maki da stat_summary. Na kuma sa set.seed a saman aikin, wanda ke sa rnorm ya maimaita lambobi iri ɗaya, don gobe in sami zane iri ɗaya.